Talatar Ebo a Elmina

Ebo Quansah tela ne a Kumasi, shekara goma sha tara yana taka keke a shago ɗaya bayan tasha. Ɗinkinsa ba laifi, amma ba da shi yake taƙama ba. Taƙamarsa Elmina, garin haihuwarsa. Ko kifi aka sayo a shago sai ya shinshina ya taɓe baki, ya ce a garinsu kyanwa ma ba ta kallon irin wannan. Abin da ba ya faɗa shi ne rabonsa da garin shekara bakwai. Saƙon tsohuwarsa ma abokinsa Boakye direba ke kai mata, shi da ke sauke kaya a bakin teku duk mako.

Da abokai suka matsa masa ya kai su su ga garin nan da ya ishe su da labarinsa, shi ya zaɓi rana: Talata, don ranar ciniki kwance yake.

"Talata fa?" in ji Boakye.

"Kai mutumin tudu, me ka sani a kan teku? Kai dai ja mota. Za ku ga kwale-kwale ɗari suna sauke kifi."

Boakye ya tafi shirya mota.

Su biyar suka isa da hantsi. Suka zaga tsohon gidan Turawa inda aka tsare bayi, Ebo na gaba yana zuba bayani, rabi gaskiya rabi ƙarin gishiri. Sannan suka gangara bakin ruwa. Kwale-kwalen na nan kuwa, ɗari har da ɗoriya, sai dai duk a ɗaure, masunta na inuwa suna ɗinkin taru. A lokacin Ebo ya tuna abin da ya sani tun yana yawo ba wando: a al'adar garin, ran Talata ba mai shiga teku.

Kunyar ma da sauƙi. Abin da ya ci masa rai kiran da ke tashi ta ko'ina: "Boakye! Direba!" Wannan ya miƙo hannu, wancan ya tambayi iyali, mai dokunu, tuwon masarar can, ta cusa masa ƙulli biyu. Shi kuwa Ebo, da aka binne cibiyarsa a garin nan, magana ɗaya aka yi masa, wai ya ɗaga ƙafarsa daga kan taru. Ƙyashi ya turnuƙe shi. Da ya ji abokan sun koma tambayar Boakye inda za a ci abinci, sai ya ɗaga murya.

"Gidanmu za mu!"

Gida dai, a ganinsa, ba mai ƙwace wa mutum.

Suka tarar da tsohuwarsa, Maame Araba, zaune kusa da murhun ƙyafe kifi. Idonta ya yi rauni sosai, wannan ma Ebo bai sani ba. Boakye ya gaishe ta.

"Ɗana, yau ba ranar zuwanka ba ce. Lafiya?"

"Lafiya lau, Maame. Abokai ne suka zo kallon masu kamun kifi."

Ta yi dariya har da tari. "Ran Talata? Wane baƙon ne ya ba ku wannan shawara?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Ebo ya durƙusa ya kama hannunta.

"Ni ne, Maame. Ebo."

Ta daɗe tana shafa fuskarsa. Sannan ta juya.

"Boakye, kai ka san gidan. Ɗauko masa kujera."