Malam Sai-ta-Nuna, Mai Awon Roba

Ƙarfe bakwai ba ta taɓa riskarsa a waje ba. Kafin ma'aikatan kamfanin roba su gama gaisawa, ya kunna na'urar awo tana ɗaukar zafi. Duk kwaɓin da aka yi sai an yanko masa ɗan guntu, ya matse shi tsakanin faranti biyu masu zafi, ya zuba wa layin da na'urar ke ja ido. In layin ya hau da wuri, robar za ta ƙone tun ba ta cika mazubi ba. In ya yi nawa, ɗanya ce. Ni ban yi boko ba, amma shekara ashirin da biyu ina share ɗakin nan, na san layin kamar zanen tafina.

Direbobi kan leƙo, "Malam, mota na jira fa."

"Sai ta nuna," in ji shi, ko ɗagowa ba ya yi. Sunan ya bi shi.

Bara aka kwaɓa robar tiyon gas na girki. Layi ya hau rabi ya kwanta. Sau uku yana sake awo. Manaja ya sauko da kansa, ina tsaye da tsintsiyata.

"Buga hatimi, Malam, mun makara."

"Ranka ya daɗe, wa zan kai wa tiyon farko, uwargidanka?"

"Ba hira na zo ba."

Malam ya jefa hatimin a aljihu, ya tafi salla. Da aka bincika, ashe rabin farar wutar da ke sa roba ta nuna aka zuba.

Ladansa? Aka mayar da shi sito, gadin buhuna. Asabar ɗin nan zai ajiye aiki. An manna sunayen waɗanda za a karrama a bikin kamfani ranar, na sa an karanta mini sau biyu. Babu nasa.

Malam, kai ne mai yatsun da zafi ya cinye wa zane. Matan da ke kunna gas, yara na rarrafe a gefensu, ba su san ka ba. Na gode maka a madadinsu, Allah ya saka. Masu tasowa, ku koyi jiran nan nasa.

Manaja, kwana uku ya isa a ƙara suna ɗaya. Ranar Asabar ina kujerar gaba. In ba ku kira shi ba, ni zan miƙe in kira, kuma ka san muryata.