Gishiri Ya Riƙe Shahata

Ɗan kawuna Shahata ya shekara ashirin da biyu yana haƙar mai a tsakiyar teku, gaban garin Ras Garib, har tafiyarsa ta koma ta ƙaguwa. Ya san halin gishirin ƙarƙashin teku kamar yunwar cikinsa: dutse ne, amma yana malala kamar ƙullu, ya ture duwatsu, ya danne mai. Sai an huda shi ake samun man.

Ranar da zai tafi bikin 'yarsa Nawal, ramin man ya tsuke, gishiri ya damƙe bututun haƙa. Maganinsa a ɗura ruwan daɗi gishirin ya narke, kuma Shahata ne gwanin aikin.

"Ranka ya daɗe, jirgi zai tashi fa," in ji shi.

Injiniya ya ce, "Baban amarya, ƙwato min bututuna tukuna."

Kwana uku suna ɗura ruwa, har na shayinsu, in ka yarda da ni. Bututu bai motsa ba sai bayan an kai amarya. Da ya kira gida, matarsa ta ce an ajiye masa nama. Ya ce to, ya koma bakin rami.