Malam Nata'ala da Jadawali Mai Gida Ashirin da Biyar

Tun ranar da aka kawo kwamfuta wani ofishin bunƙasa noma a Dutse, cikin 2002, damina ta daina ba hukuma mamaki. Darakta Alhaji Jaji ne ya sanar da haka a bikin ƙaddamarwa, kuma har yau ba a janye sanarwar ba.

Wanda aka ɗora wa cika alkawarin shi ne Malam Nata'ala, mai buga takardu, wanda ya yi ritaya makon jiya. Kullum ƙarfe bakwai da rabi zai jingine kekensa, ya yaye zanin da ake lulluɓe na'urar da shi, ya zauna jiran wuta.

Wata shekara aka kawo sabon irin dawa, aka ce ya lissafa abin da za ta bayar a Miga. Sai ya tsara jadawali. A sama ya jera kwanakin damina, daga saba'in zuwa ɗari da goma. A gefe, yawan takin da manomi zai samu. Na'ura ta cika kowane gida da buhunan da hekta guda za ta bayar in hakan ta kasance.

Masinja ya leƙa ya ce, "Malam, wannan hatimin na farin jini ne ko na tsari?" Akawu kuma ya ja shi gefe ya ce, "Bi a hankali, yanzu shari'a ake yi. Duba haramun ne."

Darakta ya juya takardar sama da ƙasa.

"Amsa ɗaya na nema, ka kawo min ashirin da biyar. Wacce ce gaskiya?"

"Duka, ranka ya daɗe. Ya danganta da ruwa."

"To ruwa nawa za a yi?"

"Allah ne masani."

"To na'urar me aka sayo ta ta yi?"

Ya ɗauki jan biro ya zagaye gidan da ya fi kowanne ƙiba: buhu talatin. Ya ba da umarni manoma su bar gero su shuka sabuwar dawa, Malam Nata'ala ya raka motar iri ya yi musu albishir.

A ƙofar gidan mai gari, Malam Nata'ala ya karanto talatin ɗin kamar yadda aka umarce shi. Amma bai tsaya nan ba, ya bi sauran gidajen ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo, Baba Idirisu, ya tsayar da shi.

"Ɗan nan, wancan na ƙarshen mai buhu huɗu fa?"

"Shi ne in ruwa ya ɗauke da wuri, Baba, taki kuma bai zo ba."

"Ai gidanmu ke nan. A cikinsa aka haife mu."

Malam Nata'ala ya dubi direba, ya rage murya. "To ku raba gona biyu. Kada ku saki geronku."

Ruwa ya ɗauke a kwana na saba'in da takwas. Taki ya iso lafiya bayan girbi. Dawa ta yi tsayi gwanin sha'awa, ba ta fid da kai ba. Geron nan ne ya kai mutanen wata daminar.

A rahoton shekara, dabarar raba gona ta zama hangen nesan Darakta, aka tafa masa. Buhu talatin kuwa ya zama "kuskuren mai sarrafa na'ura".

Malam Nata'ala, kai ne wanda ya karanta takarda har ƙarshenta a ofishin da babu mai wuce layin farko. Ba ka san gobe ba, ba ka kuma yi da'awar saninta ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma matasan da kuka gaji kujerarsa, in an ce ku kawo lamba ɗaya, ku kai har da ta ƙasan.

Sai dai ku san farashinta. Da aka miƙa wa Malam Nata'ala takardar tuhuma, ya sa hannu, ya ce "Allah ya huci zuciyar Darakta", ya lulluɓe na'urar ya hau kekensa. Ranar ritaya, bayan shekara goma sha huɗu, yana kan matakin albashin da ya je Miga da shi.