Ƙofar Da Muka Ƙi A Buɗe

Yayana ya mutu yana dukan ƙofa, kuma ni da shi muna cikin waɗanda suka ɗaga hannu suka ce kada a buɗe ƙofar nan. Ban taɓa ba da labarin a fili ba. Yanzu zan bayar, don na ga samarin unguwarmu da ke aiki a masana'antu suna shirin maimaita wautarmu.

A unguwar New Bell ta birnin Douala aka haife ni, a nan aka haifi ubana. Kakanmu ne ya zo daga ƙasar Kano da fataucin goro, bai koma ba. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, ƙarfi kawai nake da shi. Da shekarun kiriz, wato matsin tattalin arziki, suka shigo, kasuwa ta mutu, ma'aikatan gwamnati suka koma sayen ƙashi maimakon nama, teburin fawa na babanmu ya tashi. Yayana ya samo mana aiki a wata izin, wato masana'anta, ta ƙanƙara a kan hanyar Youpwé, inda ake daskarar da kifi. Aikinmu jan tubalan ƙanƙara da ƙugiya da loda kwalayen kifi a ɗakin sanyi. Musulmi mun kai rabin leburorin, Hausawan New Bell da Fulani da Barebari daga arewa. Sauran 'yan ƙabilun Basa ne da Bamileke.

Ginin dogo ne, babu taga, ƙofa ɗaya a gaba. Akwai ta biyu a can baya, amma mai izin ɗin, wanda muke kira patiron, ya sa an yi mata walda, wai ta nan ake satar kifi. Lungun da ke gabanta ya zama ba mai bi. Da can a bayan motocin kaya muke salla, kan kwali, ruwan kifi na bin ƙafafunmu. Yayana ya je ya roƙi a ba mu lungun nan. Patiron ya yarda nan take, har ya saya mana tabarmi da butoci. Muka share, muka shafa farar ƙasa, muka ajiye gangar ruwan alwala. Ƙofar da aka like daidai alƙibla take, yayana yana tsayawa a gabanta yana ja mana salla. Ba zan yi ƙarya ba, mun ji daɗi. Karon farko ke nan a garin nan wani mai kuɗi ya ɗauke mu mutane.

Wakilin ma'aikata, delege, wani Basa ne gajere mai muryar gwangwani, shi ke kula da injin. Mutum ne mai tsokana. Yana kiran yayana Alaji-ba-jirgi, yayana kuma yana ce masa limamin mashaya, su yi ta dariya. Shi ne ya fara cewa bututun da iskar sanyin ke bi sun yi tsatsa, kuma tun da kiriz ta zo patiron ya daina sayen kayan gyara. Iskar nan amoniyak ake ce mata. Ya ce ranar da ta fashe, ƙofa ɗaya ba za ta ishi mutum ko goma ba. Abin da yake nema biyu ne, a buɗe ƙofar baya, a kawo abin rufe fuska. Lokacin ƙasar duka tana tafasa, kowa na cewa a sake tsari, a bar jam'iyyu su yi yawa, a bar ma'aikaci ya buɗe baki. Delege ya ce tunda ana gyaran ƙasa, mu ma mu gyara ɗakin da muke wuni a ciki.

Patiron ya kira mu musulmi mu kaɗai, ya sa aka kawo mana lemo mai sanyi. Ya ce shi ba ya ƙin buɗe ƙofa, amma doka ta ce ƙofar gudu ba a ajiye komai a gabanta, ba tabarma, ba buta, ba mutum a tsaye. Idan an buɗe, masallacinku ya tashi. Sannan ya rage murya ya ce mu duba wane ne ke neman a buɗe ɗin, mu tambayi kanmu abin da ke damunsa da lungun nan. Maganar ta shige mu. Muka kai ta wurin manyan unguwa, suka ce mu baƙi ne a garin nan, 'yan kasuwa ne, siyasa da yajin aiki ba namu ba ne, duk wanda ya riƙe mu da mutunci mu riƙe shi. Baƙi. Kabarin kakana a Douala yake, amma wai mu baƙi ne.

Aka tara mu a filin izin don a ɗaga hannu. Delege ya roƙe mu kamar zai yi kuka. Ya ce shi da kansa zai samo katako da kwano ya kafa mana rumfar salla a waje, ko Lahadi ce zai zo ya yi aikin. Ni ne na miƙe na ce masa wanda bai san alwala ba ba zai nuna mana inda za mu sa goshi ba. Mutanenmu suka yi shewa. Ya dube ni ya ce, aboki, iskar nan ba ta tambayar mutum addininsa. Muka ɗaga hannu, muka kayar da shi. Ba a daɗe ba aka kore shi, tunda patiron ya ga ko ma'aikatan ba sa bayansa. Ya kwashe kayansa ya wuce ta gabanmu, babu wanda ya ce masa sai wata rana.

Sai aka shiga rufe gari. 'Yan adawa suka ce daga Litinin zuwa Juma'a ba mota, ba shago, ba aiki. Samari suna ƙona taya a kan hanya, wanda ya buɗe wurinsa a ƙone shi, wanda ya rufe hukuma ta sa masa ido. Kifi kuwa ba ya jira. Patiron ya sake kiran mu, ya ce tunda ku ba ruwanku da siyasa, ku shigo ranar Lahadi da yamma, ku kwana a ciki har Asabar, zan sa sarƙa da kwaɗo daga waje don samarin su ɗauka a rufe muke. Muka yarda. Gidajenmu babu abinci, kuma mun riga mun saba cewa to. Masu injin duk sun ƙi zuwa. Aka nuna wa wani Bafulatani maɓallin da zai danna da wanda ba zai taɓa ba, shi ke nan.

Ranar da abin ya faru mun idar da azahar ke nan, muna zaune a kan tabarma. Muka ji ƙara kamar tayar babbar mota ta fashe, sai huci. Farin hayaƙi ya taho yana bin ƙasa daga wajen injin, tsakaninmu da ƙofar gaba, wadda dama a kulle take. Wanda bai shaƙi iskar nan ba ba zai gane ba. Kamar an ɗura maka garwashi a maƙogwaro, an watsa barkono a ido, ka buɗe baki numfashi ya ƙi shiga. Muka juya kan ƙofar da muke salla a gabanta, muna dukanta da ƙugiyoyin ƙanƙara. Waldar mai kyau ce, ko motsi ba ta yi ba. Yayana ya tsoma rigarsa a gangar alwala ya naɗa mini a fuska. A ƙasan ƙofar akwai ɗan tsagi da iska ke shigowa, bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ya kama wuyana ya danna bakina a wurin, ya ce kada in ɗago, in na ɗago bai yafe ba. Shi ya miƙe ya ci gaba da duka. Ina jin dukan a jikin ƙarfen ta cikin haƙorana, yana raguwa, har ya tsaya.

Waɗanda suka fitar da mu samarin shingen hanya ne. Sun ji bugun ƙarfe, suka zo da duwatsu da galan ɗin fetur suna ihun sun kama maciya amana. Suka fasa bulon gefen ƙofar da guduma don su shigo su yi mana duka. Da warin ya buge su suka ga mutane a zube, sai suka yar da duwatsun, suka rufe hanci da riguna suna jan mu waje. A amalanke suka tura mu asibiti, tunda babu mota a gari. Mutum uku ba su kai ba. Yayana na cikinsu.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau yake ci mini rai. Ina kwance a asibiti patiron ya aika da shinkafa da sukari gidanmu don sadakar uku, manyan unguwa suka karɓa, suka yi masa godiya da addu'a. Suka zo suka zauna a bakin gadona suna ce mini ƙaddara ce, in yi haƙuri. Na ce na yarda da ƙaddara, amma wa ya yi waldar, wa ya sa kwaɗon? Suka ce kada in jawo wa al'umma ido a wannan lokaci. Delege ne ya zo, mutumin da na zaga a gaban jama'a. Bai ce ai na faɗa muku ba. Ya zauna, ya tambayi inda aka binne Alaji-ba-jirgi, ya share ido da hularsa. Da na iya tafiya ya kai ni ofishin da ke duba harkar ma'aikata. Cikin duk waɗanda suka tsira ni kaɗai na yarda na je, sauran an ja musu kunne a gida. Jami'in ya saurare mu yana duba agogo, ya ce a saninsu izin ɗin a rufe take wannan makon, kowa ya ga sarƙa a ƙofa, saboda haka babu wanda ke bakin aiki, waɗanda ke ciki su suka shigar da kansu. Maganar ta mutu a nan.

Daga baya na tambayi wani malami, na zayyana masa komai. Ya ce duk ƙasa mai tsarki wurin salla ce, kuma tsare rai yana gaba da tsare tabarma, ya ce me ya sa ba mu tambaya ba tun farko. Patiron muka bari ya yi mana fatawa.

Gyaran da ake ta ihu a kansa ya zo. Jam'iyyu suka yi yawa, 'yan takara suka riƙa shigowa New Bell da huluna da atamfa suna kiran mu 'yan'uwa. Aka sayar da izin ɗin. An ce yanzu ƙofar baya a buɗe take, da koren allo mai hoton mutum yana gudu, kuma masu ita suna nuna wa baƙi ita suna cewa ci gaba ne. Babu wanda ya taɓa ambaton mutum ukun nan.

Ku samarin da ke aiki a Yassa da bakin tashar ruwa, ku ji ni. Idan mai gida ya ba ku wani abu da sunan addini, ku duba abin da yake so ku yi shiru a kansa. Idan mutum ya ce muku wurin nan zai kashe ku, ku je ku duba wurin, ku bar duba inda yake zuwa ranar Lahadi. Kuma duk dattijon da ya ce muku ku baƙi ne don haka ku yi shiru, to ku tambaye shi ko zai shiga ɗakin a kulle shi tare da ku.

Ni ina nan New Bell. Idona na hagu ya tafi, hancina ba ya jin warin komai, kuma ba na iya hawa bene sai na tsaya ina haki. Ina sayar da goro a bakin titi, 'ya'yan yayana suna hannuna, sun girma. Sun san ubansu ya mutu a hatsarin aiki. Ban gaya musu sauran ba tukuna.