Jar Motar Bitrus da Ɗumamawar Safe Ta Kashe

Shekara tara ke nan da muka ɗauki gawar Bitrus daga Dakata da ke Kano muka kai ta garinsu a kudancin Kaduna, amma bana ne na ji kamar an sake binne shi a kan idona. Na so in rubuta wannan waiwaye da sanyin rai, irin wanda ake yi wa aboki, a faɗi alherinsa a ja baki a yi shiru. Na kasa. Raina a ɓace yake, gara mai karatu ya san haka tun daga farko.

Bitrus mai gyaran injina ne a wata masaƙa da ke Bompai, ni kuma ma'aikacin wuta ne a wani kamfanin jima a Challawa. Gidan haya ya haɗa mu tun muna samari, ƙofar ɗakinsa tana kallon tawa. Shi coci, ni masallaci, amma kwano ɗaya muke sa hannu. Mutum ne mai taurin kan tsiya, in ya kafe ko da katafila ba ka ture shi, kuma ban taɓa ɓoye masa cewa haka nake ganinsa ba.

Motar da nake magana a kanta wani injiniya baƙo ne ya yar da ita a bayan masaƙar lokacin da zai koma ƙasarsu. Ja ce, 'yar Japan, ƙofa biyu, gajera har sai ka durƙusa kafin ka shiga. Kaji na kwana a ƙarƙashinta lokacin da Bitrus ya ƙyalla ido ya gan ta. Duk bakaniken da ya ɗaga murfinta sai ya mayar ya rufe, ya ce shi bai ga inji a nan ba. Bitrus ya saye ta, ya jawo ta gida da igiya, ya baje cikinta a tsakar gida tsawon damina guda, mu kuwa muna tsallake ƙarafa in za mu banɗaki.

A nan na fara jin sunan injin rotari, kuma na ji shi har ya ishe ni. Injin kowace mota da kuka sani fistan ne a cikinsa, yana hawa yana sauka kamar taɓarya a turmi. Wannan babu fistan ko ɗaya. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a cikin rami mai siffar ɓawon gyaɗa, kuma a juyin nan nasa yake shan mai, ya matse shi, ya ƙone shi, ya fitar da hayaƙi. Bitrus yakan ɗauki ƙarfen a hannu yana juya shi a gabana kamar mai nuna jariri, yana cewa, "Sani, dubi nan. Ba ya tsayawa ya koma baya. Gaba kawai ya sani." Ni kuwa in ce masa ya matsa min in wuce, ruwan alwalata na hucewa.

Ranar da ta tashi, unguwa ta fito. Ba irin ƙarar da kunne ya saba ba ce. In tana tsaye sai ta riƙa wani guna-guni a karkace, kai ka ce yanzu za ta mutu. Da ya taka totur sai muryar ta miƙe, ta yi siriri, ta yi ta hawa ba gargada, har ka fara jiran inda za ta tsaya amma ba ta tsaya ba. Ya sa ni a gaba muka hau titin Hadejia. Na ɗora hannu a kan allon gaba don in ji rawar inji, ban ji komai ba, sai gari da ke gudu baya. Ba zan yi ƙarya ba, na gane abin da ya kama shi a ranar. Injin ɗan mitsitsi ne, mutum biyu sa ɗaga shi, shi ya sa motar ke shan kwana kamar an zana mata layi. Amma ganewa daban, so daban.

Ni ban taɓa son motar nan ba. Shan fetur take kamar ana zuba shi a yashi. Baƙin mai ma sha take, wai haka aka ƙera ta, har Bitrus yana ƙara mata ɗan man babur a tanki duk lokacin da ya sha mai. Na tura ta a Sharaɗa, na tura ta a Hotoro, na tura ta ranar sunan ɗana na fari da sabuwar shadda a jikina. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ni ke gumi, shi ke ɗaga wa mutane hannu. Da na tambaye shi me ya gani a abin da ba ya yafe kuskure, sai ya ce abin da ya gani ke nan. Sauran motoci, a cewarsa, kowa ya zo sai su bi shi. Wannan sai wanda ya san halinta.

Halin nata kuwa guda ɗaya ne babba, kuma shi ne tushen wannan rubutu. Ba a tayar da ita a kashe tana da sanyi. In ka kunna ta, to ka fita da ita, ka taka ta har ta yi zafi sosai, sannan ka dawo. In ka kunna ka kashe nan take, fetur ne zai kwanta a cikinta ya jiƙa fulogi, toka ta taru a bakin kusurwoyin nan uku inda ƙananan ƙarafan da ke riƙe iska suke, har su maƙale. Don haka duk Lahadi bayan an tashi daga coci sai ya fita da ita bayan gari ya buɗe mata wuta. Yakan ce motar nan lallaɓawa ce ke kashe ta.

Akwai mutum ɗaya da ta fi shi son muryar motar nan, ita ce 'yarsa Saratu. Tun tana rarrafe ta san ta. Manyan motoci na ta ruri a Dakata, injin markaɗe na kuka, janareta na amsawa, amma sai ka ga yarinya ta ɗaga kai ta ce Baba ya taho. Mu ba mu ji komai ba tukuna. Sai can mu ji shi ya karyo kwana.

Ciwon ƙoda ne ya kashe Bitrus, a kan gadon asibiti. Na faɗi haka ne saboda masu bakin da har yau suke cewa ai gudun mota ne ya kai shi. Ƙarya suke, kuma sun san ƙarya suke. Kafin ya cika, a gabana ya ce motar ta Saratu ce, ƙaninsa Ɗanladi ya riƙe mata har ta mallaki hankalinta. Ya maimaita masa dokar nan ta kunnawa da kashewa. Ɗanladi ya ce ya ji.

Bai ji ba. Kun san al'adarmu a garin nan: duk mai mota, da safe sai ya ɗumama ta. A kunna, a ɗan taɓa totur, a goge gilashi, a kashe, a shiga ciki a karya kumallo. Ubanninmu sun yi, mu ma muna yi, kuma motocinmu ba su taɓa kai ƙararmu ba. Ɗanladi, wanda ɗan kasuwa ne mai shagon robobi, ya ɗauki wannan al'ada ya ɗora wa motar wansa. Kullum safiya zai yaye mata tampol, ya kunna, ya wanke ta tas, ya kashe, ya rufe. Fita da ita kuwa haram, wai amana ce, kada wani abu ya same ta a titi. Man baburin ma ya daina zubawa, wai mota ai ba babur ba ce.

Na je na same shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na ce, "Ɗanladi, ko dai ka fita da ita, ko ka bar ta ta kwanta. Abin da kake yi kashe ta kake." Ya dube ni ya yi 'yar dariyar nan tasa ya ce, "Haba Malam Sani, ku da ba ku taɓa son motar nan ba, yau ku ne likitanta? Ina aka taɓa jin ɗumama mota ya zama laifi?" Na ce ba maganata ba ce, maganar mai ita ce. Ya ce mai ita ya tafi, yanzu shi ke kula da ita. To, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma Ɗanladi ladan ya karɓa, askin kuma ya yi shi yadda ya ga dama. Ba a jima ba ta fara tari kafin ta tashi. Daga baya sai da turi. Wata safiya ya murɗa makulli, inji ya juya fayau ba nauyi, bai kama ba, kuma bai sake kamawa ba.

Nakan tambayi kaina me Bitrus zai ce da ya leƙo ya ga Kanon yau. Masaƙarsa ta zama ɗakin ajiyar kaya, ciyawa ta cinye wurin da injinan suke. Rabin ƙofofin da muka sani a Sharaɗa da Bompai da kwaɗo a jikinsu. Fetur ya zama abin da ake auna wa mota kamar magani, don haka na san da yana nan da mun yi faɗa a kan tankin nan fiye da na da. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne samarin yanzu da suka gano injin rotari a waya. Suna zuwa gidan Ɗanladi su jingina da motar su ɗauki hoto, suna kwaikwayon ƙararta da baki, amma ka ce su nuna maka fulogi sai su kama sosa ƙeya. So suke ta yi aman wuta ta salansa a wajen biki a yi musu ihu. Na san abin da Bitrus zai yi musu: tsaki ɗaya, ya juya baya.

Saratu ta girma, tana aiki a wani kamfanin lemo a Challawa, kuma ba ta taɓa cire rai ba. Ta yi ta cigiya har ta sami wani mai safarar kayan mota da ya ce zai iya kawo mata ƙananan ƙarafan nan masu riƙe iska daga waje. Ta gaya wa baffanta. Ni ma na je na roƙe shi, na ce kada kowa ya taɓa injin nan, ko shekara nawa zai yi a kwance, ya jira yarinya. Ya ce to. Ashe irin "to" ɗin da ya ce wa wansa ne.

Bana da aka taru a gidan mahaifiyar Saratu don tunawa da marigayi, an gama addu'a ana rabon abinci, sai ga jar mota ta shigo layi tana ƙyalli, Ɗanladi a ciki yana washe baki. Ya je kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo injin wata ƙaramar mota ɗan Beljiyam, an yanke nan an liƙa can an cusa mata, wai ya yi wa iyali bazata. Mutane suka tashi suna tafi, mata na guɗa, wani dattijo har da hawaye, wai Bitrus ya dawo. Ni kuwa Saratu nake kallo. Tana tsugune a bakin ƙofa tana zuba shinkafa a faranti, bayanta ga titi, ba ta ko motsa ba.

"Saratu, taso ki ga motar babanki ta tashi!" in ji Ɗanladi.

Ta juyo tana goge hannu ta ce, "Yaushe ta shigo? Ban ji ba."

Ya taka totur don ta ji. Ta tsaya ta saurara, sannan ta ce, "Baffa, ina injin?"

Ya ce ai ya mutu tuntuni, 'yan gwangwan sun ɗauke shi. Ya zaro makulli ya miƙa mata, ya ce ga amanarta, ya sauke nauyi. Ta dubi makullin ba ta miƙa hannu ba. Ta ce, "Ka riƙe, Baffa. Taka ce." Ta koma kan farantanta.

Washegari na bi sawu har Sharaɗa, inda ake fasa tsofaffin ƙarafa. Ihu bayan hari. Sun riga sun farfasa shi, alminiyam ɗin ya tafi wajen masu zubin tukwane, sauran an loda a babbar mota. Mai yiwuwa yau a cikin injin Bitrus wata ke dafa wake a wani gida, ba ta sani ba.

Masu ba ni haƙuri suna cewa ai Ɗanladi da kyakkyawar niyya ya yi. Na yarda, kuma shi ya sa abin ya fi ciwo. Da ƙiyayya ce da mun san yadda za mu tare ta. Garin neman gira ya rasa ido, kuma idon ba nasa ba ne, na marainiya ne. An gaya masa, mai abu ya gaya masa da bakinsa a kan gadon mutuwa, ya zaɓi abin da ya saba a kan abin da ya ji. Muna gaisawa in mun haɗu, amma ban yafe ba tukuna, kuma ba zan rubuta a jarida cewa na yafe ba.

In aka ce me ya rage na Bitrus, ba zan nuna muku motar ba. Tana nan lafiya lau, ana ɗumama ta kowace safiya, tana tashi da bugu ɗaya, ba ta shan mai, kuma za ta daɗe. Masaƙa ta tafi, inji ya narke, ni da na tura motar ƙafafuna sun fara gajiya. Abin da ya rage kunnen 'yarsa ne. Har yau in muna zaune ran Lahadi da rana, wani babur mai siririyar murya ya keto daga nesa, sai in ga Saratu ta ɗaga kai kafin ta tuna. Jar motar kuwa kullum sai ta wuce ta ƙofar gidansu, kuma ban taɓa ganin Saratu ta waiwaya ba.