Atishawar Marigayiya

A layinmu Injiniya ake ce masa, don tsokana kawai, ba wanda ya taɓa ganin takardarsa. Shekara talatin yana cikin shago mai faɗin tabarma biyu. A da, hayar kaset yake bayarwa, yanzu kuwa tsoffin kasusuwan bidiyo yake juye wa mutane a waya. Idan baki ya riga murya, ko murya ta riga baki, shi ne likita. Dabararsa ɗaya ce: ya nemo tafi ko bugun ƙofa a farkon hoto da ƙarshensa, ya ja sautin a kwamfuta har su haɗu.

Sai ga shi nasa ya gagare shi.

Matarsa ta rasu 'yarsu tana goye. Kaset ɗaya ta bari, na minti tara, tana shanya a tsakar gida shi yana ɗauka. Bai taɓa kunna wa yarinyar ba, kullum sai gobe. Yanzu ta samu aiki a nesa, yau motar ƙarfe huɗu za ta bi.

Da safe ya ciro kaset ɗin, duk funfuna. Ya goge da auduga, ya juye, na'ura tana kuka kamar tsohuwar akuya. Farko lafiya lau, an rufe ƙofa a cikin hoton, ya samu makama. Amma kafin minti shida murya ta yi baya. Marigayiya ta buɗe baki, sai ga muryar Injiniya, wannan ta gangar mai.

"Baba," in ji 'yar da ke tsaye a bayansa, "wannan ai kai ne da ɗankwali."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a hanya. Ta fita haɗa jaka.

Injiniya ya koma kan kwamfuta. Ya ja sauti gaba, ya ja baya. Ƙarshen ba tafi, ba ƙofa. Tela maƙwabcinsa ya leƙo.

"Injiniya, yau likita ne a gadon asibiti?"

"Don Allah ka rabu da ni. Ba abin da zan kama."

"Ina atishawar? Matar da in ta yi ɗaya sai tantabaru su tashi?"

Injiniya ya dafe kai. Akwai ta, a can ƙarshe. Marigayiya ta sha roƙonsa ya goge ta, wai abin kunya ne, yana cewa gobe. Yau da safe, don cika alkawari, ya tsayar da juyin kafin a kai wurin.

Dole a sake kunna kaset, ga zarensa ya yi laushi kamar zai narke. Ƙarfe uku saura. Ya mayar da shi baya da yatsa, a hankali, yana karanto duk addu'ar da ya iya har da wadda bai iya ba. Ya kunna. Minti bakwai. Takwas. Hoto ya fara rawa.

"Ki yi haƙuri," ya ce wa allon. "Sau ɗaya kawai."

Ta ɗaga kai, ta lumshe ido, ta saki. Zare ya tsinke nan take.

Amma atishawar ta riga ta shiga kwamfuta. Ya ɗora ƙarar a kan rufewar idon, komai ya zauna daram.

'Yar ta kalla a tsaye, jaka a kafaɗa. Uwarta ta dubi kyamara, da bakinta da muryarta, ta ce, "Kashe abin nan ka karɓi yarinyar, hannuna ya gaji."

"Baba, mayar baya."

"Uwata, mota fa."

"Mayar baya, Baba."