Randar Inna

Yayana Garba ya kife randar Inna, alhali Inna tana da ranta. Mako uku ke nan tana kwance a asibiti a Birnin Kebbi, da karaya a ƙugu. Na baro jinyarta na zo gida ɗaukar kayan sawa, na tarar ya naɗe tabarmarta, ya danƙare ɗakin da buhunan shinkafa, randar kuma ga ta bayan ɗaki, baki a ƙasa. Ni a aji huɗu na bar firamare, amma na san a gidanmu mamaci ake kife wa randa. Shi ma ya sani.

Muna yara a Kende aka taɓa ɗaukar Baba zuwa wani asibiti a ƙasar Benin, ciki ya kumbura masa. Lokacin ba waya. Labarinsa sai ranar kasuwa, in an dace. Bayan isha'i kakarmu, Kaka Dije, takan tara mu bakin murhu tana gasa mana dankali cikin toka. Tatsuniya ɗaya ta yi ta maimaita mana har muka haddace.

"Ku matso, ga ta ta iso," in ji ta. "Kai Garba, bar tonon wutar ga, ɗan nema!"

Wai wani masunci ne mutanen ruwa suka riƙe a ƙarƙashin kogin Kwara. Aka yi masa sadaka, aka ce uwarsa ta kife randarsa. Ta ƙi. Kowace safiya ta zubar da ruwan jiya a ƙofar gida, ta cika da sabo, gari na yi mata dariya. Sai bayan shekara bakwai suka sako shi, ya manta gidansu, ya manta sunansa, ƙishirwa kawai ya sani. Yana yawo cikin rani, ko'ina ya bushe ƙayau, sai ya hango ƙofa ɗaya da ciyawa shar. Ya nufe ta ya roƙi ruwa. Kurɓa ɗaya ya yi, ya ce, "Inna."

A nan Kaka takan goge ido ta ce hayaƙi ne. Sannan ta dube mu: "Gobe wa za shi cika randar ubanku?"

Kullum Garba ke riga ni. Shi ya yi ta ɗebo ruwan, har ranar da mota ta sauke Baba, ya rame kamar kara, ya sha daga randar nan kafin ya zauna.

Yanzu na san ruwa ba ya dawo da kowa. Mun cika ta Kaka lokacin jinyarta, ba ta dawo ba. Amma mai jira in hannunsa ba ya wani abu, zuciya ce ke cinye shi, kuma na kwance yana son ya ji ba a rufe masa ƙofa ba. Da zan taho daga asibiti Inna ta riƙe rigata ta ce, "Ana dai cika mini randata?" Na ce Yaya na cikawa.

Ni kaɗai na jawo buhunan waje, na shimfiɗa tabarmar, na wanke randar na cika. Ina gamawa sai ga Garba.

"Umaru, mi ya same ka? Aron ɗakin fa na yi."

Na ce, "Yaya, ka mai da ni maƙaryaci gaban uwata. Gobe zan koma wurinta. Ga guga nan. In ta dawo ta tarar da randar a bushe, kai za ka gaya mata dalili da bakinka."